Jinyar Gwaggo a Aboabo da abin da bajet bai gani ba

Gwaggo yayar babana ce, ita ta goya shi, kuma duk yaron da ya tashi a layinmu a Aboabo nan Kumasi cikin shekara arba'in ɗin nan ya sha kokonta ko da kuɗi ko da bashi. Tun kafin ladan ya kira asuba take hura wuta, koko da ƙosai, ranar Juma'a ta ƙara da masa, kafin ƙarfe tara ta wanke tukwane ta ba mai susu, wato mai karɓar ajiyar kullum, nashi ta shiga ɗaki. Da tukunyar nan ta riƙe 'ya'ya uku bayan mijinta ya rasu, da ita ta aurar da su. A watan Nuwamba na 2022 ta faɗi a bakin murhu, ludayi na hannunta, bakinta ya karkace, maganarta ta zama kamar wadda ta cika baki da tuwo. Hawan jini ne da ta daɗe tana wasa da shi, in ta ji kai na sara ta sha magani kwana uku, in ya lafa ta ajiye. Ɓarin dama gaba ɗaya ya shanye. Shekarunta a Ghana Card 68 a lokacin, ita kuma in ka tambaye ta sai ta ce ita dai tana 'yar ƙarama aka yi bikin Nkrumah, ka lissafa da kanka.

Na rubuta wannan ne domin ni aka ɗora wa yawon ofisoshi da riƙon littafin kuɗin jinyar, kuma abin da na gani a shekarun nan ya sa yanzu in ana karanta bajet a majalisa nake kasa kunne kamar mai jiran a kira sunansa, alhali da can ko tashar ba na barin ta.

Asibiti dai ba mu da abin cewa sai godiya. Allah ya sa katin inshorar lafiyarta bai mutu ba, wata jikarta ce ke sabunta mata ta waya da *929# duk shekara ba ma tare da ta sani ba. Gado da ganin likita da wasu magungunan kati ya ɗauka, hoton kai da wasu allurai mu muka biya, wani maganin a rubuta mana mu fita waje mu sayo. Kwana goma sha shida aka sallame mu. Likitan ya yi mana bayani tsakani da Allah, ya ce ku kai ta gida, ku riƙa juya ta duk bayan awa biyu dare da rana kar gyambon kwanciya ya kama ta, ku kula da yadda take haɗiya kar abinci ya bi ta huhu, kar ta fasa maganin hawan jini ko rana ɗaya, ku riƙa kawo ta fisiyo, wato wajen motsa jikin da ya shanye. Muka ce toh dokta mun gode. Wallahi a lokacin mun ɗauka wahalar ta ƙare ne, ashe ranar ta fara, don duk abin da ya lissafa ɗin nan babu ko ɗaya da wani zai yi mana, kuma babu wanda zai biya mai yi.

Gidan da Gwaggo take irin gidan yawan nan ne na zango, ciki da falo take haya, famfo ɗaya a tsakar gida, bayan gida kuwa sai an fita layi an biya kuɗi an bi sahu. Ga mace babba mai jiki wadda ba ta iya ɗaga ƙafar dama. Kenan famfas na manya, kenan leda a kan katifa, kenan wanki safe da yamma, ga sabulu ga dettol ga man shafawa. Babban ɗanta yana Italiya yana aikin gona takardunsa ba su gama daidaita ba, ta biyun tana aure a Tamale da yara biyar, sai Auta, tela ce, tana da ɗan shagon kwantena a bakin titi da yara biyu masu koyon ɗinki. Ba a yi wani zama an ce Auta ke za ki ɗauka ba. Kawai ita ce mace, ita ce kusa, shikenan. Daren farko ta shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon Mma, kamar yadda take kiran Gwaggo, har yau tabarmar na nan.

Abin da ya sa maganar bajet ta zauna min a kai, muna asibiti ne aka karanta bajet ɗin 2023, Ken Ofori-Atta ne ministan kuɗi a lokacin, wani mai jinya a gadon kusa da mu ya kunna rediyo a waya. Lokacin ne fa kaya suka haukace, a watan Disamba na 2022 tashin farashi ya kai kashi 54.1 cikin ɗari, yau ka sayi famfas gobe ka koma mai shago ya ce sabon kaya sabon kuɗi. A bajet ɗin aka ƙara VAT daga 12.5 zuwa 15, aka rage E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, daga 1.5 zuwa kashi 1, aka kuma ce za a ninka kuɗin LEAP, tallafin da ake ba gidajen talakawa. E-levy ɗin nan mutane na ganin ƙaramin abu ne amma mu da kuɗin jinyar duk ta momo, wato kuɗin waya, yake yawo, ta Tamale ta turo min, in tura wa Auta, kowane tsalle in ya wuce sidi ɗarin farko na ranar sai an ɗan gutsira, ya yi mana ciwo. Sai a 2025 aka soke shi.

Ƙofar farko da na fara ƙwanƙwasa ita ce fansho, kuma ban daɗe a wurin ba. Dokar fansho ta 2008, wato Act 766, ta ce sai mutum ya zuba kuɗi a SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, na aƙalla wata 180, shekara goma sha biyar kenan, sannan in ya kai 60 ya fara karɓa. Akwai hawa na uku na tsarin fanshon da aka buɗe wa masu sana'ar kansu su riƙa zubawa da son ransu, amma wa ya taɓa zuwa bakin tukunyar koko ya yi wa Gwaggo wannan bayanin? Fanshonta susu ne da 'ya'ya. Ta biya tikitin kasuwa, ta biya haraji a kan kowane galan na mai da buhun sikari da ta saya shekara arba'in, amma a takarda ba ta taɓa aiki ba.

Ƙofa ta biyu inshorar lafiya, nan ne na fi daɗewa ina karatu don nan ne kuɗin yake. An kafa ta da dokar 2003 zamanin Kufuor, aka sake ta da Act 852 a 2012. Mafi yawan kuɗinta daga harajin nan na kashi 2.5 ne da ake ɗorawa a kan kaya da hidima, NHIL, in ka duba rasit ɗin babban shago za ka gan shi, sai kuma kashi 2.5 daga kuɗin ma'aikata na SSNIT. Wanda ya kai 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Gwaggo 68, saura biyu. Da ta cika 70 a 2024 aka daina karɓa, mun ji daɗi, amma gaskiya kuɗin shekarar gaba ɗaya bai kai na famfas ɗin sati ba, don haka rangwamen bai taɓa inda ke mana ƙaiƙayi ba. Inshora cuta take biya wa, kuma a cikin asibiti. Fisiyo na ciki, amma keken guragu ba ya ciki, sandar tafiya da sauran kayan tallafin jiki ba sa ciki, famfas ba ya ciki, nas ɗin da za ta zo gida ta wanke gyambo ba ta ciki, balle mai kwana a tabarma. Ko fisiyon da yake ciki, kai shi ne aikin, sai an samu samari biyu sun ciccibo ta daga ɗaki zuwa bakin titi don mota ba ta shiga lungunmu, a ɗauki tasi drop zuwa da dawowa don ba ta iya hawa trotro ko pragya, a wuni a layi. Mun yi wata huɗu muna kai ta sau biyu a sati, muka koma sau ɗaya, daga baya muka bari, Auta ta riƙa yi mata abin da ta gani ana yi. Har yau ina tunanin da an ci gaba ko hannun nan da ya dawo, wannan yana damuna sosai.

Sannan ga wata doka da yawancin mutanen zango ba su taɓa jin sunanta ba amma ta shiga aljihun kowa. A 2017 aka yi Act 947, wadda ta sa wa duk kuɗaɗen da doka ta keɓe wa wani aiki rufi, wai jimillarsu kar ta wuce kashi 25 na harajin da aka tara, daga baya ma aka sauko da rufin zuwa 17.5. Ma'anarsa a Hausance, kafin a cire rufin a 2025 ana karɓar haraji a hannunka da sunan lafiya, amma ba duka ne yake isa asusun lafiya ba, ragowar sai ta tafi wasu hidimomin gwamnati. In asusu bai cika ba biyan asibitoci ya yi jinkiri, in biya ya yi jinkiri kuma farashin magani ya riga ya tashi, sai ka ji an ce wannan babu, je ka saya a waje, ko ka ciko kaza. Da can in aka ce min haka ma'aikacin da ke gabana nake jin haushi, yanzu na gane igiyar doguwa ce, bakinta na Accra a cikin takardar da ake karantawa sau ɗaya a shekara.

Ƙofa ta uku LEAP. Wannan tun 2008 ake yin sa, kuɗi ne da ake ba gidajen da talauci ya yi wa katutu in akwai tsoho mai 65 zuwa sama da ba shi da mai tallafa masa, ko marayu, ko mai naƙasa mai tsanani, ko mai ciki da mai goyon jariri, duk wata biyu ake biya ta katin e-zwich. Shekaru da dama gida mai mutum ɗaya sidi 64 yake karɓa, a 2023 ya koma 128, a 2024 aka sake ninkawa ya zama 256, kuma wannan ƙarin yana cikin abin da aka yi magana a kai da IMF lokacin da Ghana ta karɓi shirin dala biliyan 3 a watan Mayu na 2023. Da na gaya wa Gwaggo 256 sai da ta juya shi zuwa tsohon kuɗi a kanta, don ita har yau da lissafin kafin canjin kuɗi na 2007 take aiki, ta ce da karkataccen bakin nan nata miliyan biyu da rabi kenan, ai da kuɗi. Na ce Gwaggo na wata biyu ne fa, in kin raba sidi huɗu da 'yan kai ne a rana. Ta yi shiru. Ita ta fi kowa sanin kofin koko nawa wannan zai saya.

Duk da haka mun nema, don a jinya babu ƙaramin kuɗi. Abin da ban sani ba shi ne ba fom ake cikewa a shiga ba. Ana zaɓar unguwanni ne, a bi gida gida da tambayoyi, irin rufin ɗaki, abin da aka mallaka, yawan mutane, sannan lissafi ya fitar da waɗanda suka fi talauci, kuma yawan gidajen da za a ɗauka bajet ne ke yanke shi, wajen gida 350,000 ne a ƙasar baki ɗaya a lokacin. Matar da na samu a ofishin da na je ta saurare ni sosai, ta rubuta sunan Gwaggo a littafi, ta ce ɗan'uwa ba zan yi maka ƙarya ba, sai an buɗe sabon ɗauka, kuma tsohuwar da ke da 'ya'ya uku a raye, ɗaya ma a Turai, da wuya ta shiga gaban wadda ba ta da kowa. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa, akwai tsofaffi a layinmu da suka fi Gwaggo shiga uku nesa ba kusa ba. Amma kalmar nan "mai tallafa masa" ta tsaya min a wuya. A takarda Gwaggo na da mai tallafa mata. Mai tallafa matan ita ce Auta, wadda saboda tallafin ta rufe shago, yaran koyon ɗinki suka watse, kwastomomin sallah suka koma wajen wasu, ta sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyu a azumin 2023. Wato jinyar ta mayar da gida mai rufin asiri gidan talauci, amma ba a lissafa shi sai ya gama faɗuwa.

Akwai kuma kason masu naƙasa, a lokacin kashi 3 na Common Fund, wato kuɗin da gwamnati ke turo wa kowace asambuli ta gunduma, ga dokar masu naƙasa ta 2006 Act 715. Asambuliman ɗinmu, wato kansilan unguwarmu, ya taimaka muka rubuta takardar neman keken guragu. Kafin a kai ga zaman kwamiti matan ƙungiyar su Gwaggo, waɗanda suke zuwa wa juna suna da awure da rasuwa, sun haɗa kuɗi sun sayo mata na hannu.

Mun kai wata goma a haka sai Auta ta kwanta ita ma. Baya ya riƙe, ba ta barci, ta rame, mijinta ya fara magana a kaikaice wai shi ma yana da haƙƙi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wata rana na shiga na same ta tana kuka a bayan ƙofa tana wanke zanin gado, ta ce Yaya wallahi ba gajiya na yi da Mma ba, Allah ya sani, amma jiya na ɗaga mata murya kuma ta kalle ni ba ta iya ramawa. Wannan maganar ce ta sa muka kira zaman dangi, na Italiya a bidiyo, ta Tamale ta zo da motar dare, kawu ya zauna a kujera. Wani ya kawo maganar gidan kula da tsofaffi, akwai masu zaman kansu a Kumasi da Accra amma kuɗin wata ya fi abin da mu duka muke haɗawa, na gwamnati kuma wanda na sani shi ne gidan gajiyayyu na Bekwai, shi kuwa na waɗanda ba su da kowa ne. Kawu bai ma bari an ƙarasa ba, ya ce muna raye za a kai 'yar'uwata wani gida, me za mu ce wa Allah, me za mu ce wa zango. Kowa ya yi na'am. Ni ma na yi na'am, amma na ce Kawu a gafarce ni, duk mu da muke cewa ba za a kai ta ba, waye a cikinmu ya taɓa canza mata famfas ko sau ɗaya? Ɗakin ya yi tsit. Ladan jinyar uwa muna ta yi wa Auta wa'azinsa, nauyin kuma mun bar mata ita kaɗai.

Abin da aka yanke a zaman, za a riƙa ba Auta kuɗi duk wata a matsayin ladan aikinta daban da kuɗin magani, ta ƙi da farko wai ya za a biya ta don ta kula da uwarta, sai da kawu ya ce ba biya ba ne, mayar miki da shagonki ne. Aka samu wata baiwar Allah bazawara a layin baya tana zuwa safe zuwa azahar kwana huɗu a sati, ba ta da wani horo sai abin da Auta ta nuna mata, nas ɗin gaske kuwa ba ma iya kuɗinta, da yawansu ma sun tafi Ingila suna kula da tsofaffin can. Daren Juma'a da na Asabar matata da wata jikar suke karɓa. Ni da samarin gida ɗagawa da kai ta asibiti duk wata.

Da na koma ina bin dokokin, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alƙawarin yana nan a rubuce tun tuni. Kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 37, ya ce gwamnati za ta ba tsofaffi tallafin da zai sa su rayu cikin mutunci. A 2010 aka fitar da manufar ƙasa kan tsufa. A 2015 aka ƙaddamar da katin Eban don tsoho ya samu rangwame a motar Metro Mass kuma kar ya bi layi a banki da asibiti. Ƙudirin dokar tsofaffi kuwa, wanda shi ne zai mayar da manufar ta zama dole har a ware mata kuɗi, shekara da shekaru ana maganarsa, majalisa ta zo ta tashi, wata ta zo ta tashi, har wadda ta tashi a Janairun 2025 ba ta zartar da shi ba. Manufa ba ta tilasta wa ministan kuɗi komai, in shekara ta yi tsanani ita ake fara tsallakewa. Ga shi kuma ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 dubu ɗari biyu da 'yan kai ne. Kuma ka duba yadda shekarun suka rarrabu, fansho 60, LEAP 65, inshora kyauta 70, kowace doka da nata tsohon. A farkon 2023 da 'yan fansho masu takardun bashin gwamnati suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna da su, an ji su kuma sun cancanci a ji su. Irin su Gwaggo ba su da takardar da za su ɗaga, ba su ma iya fita ƙofar gida.

Ba zan ce babu abin da ya motsa ba. A bajet ɗin Maris 2025 Cassiel Ato Forson ya sanar da cire rufin nan daga kan harajin lafiya, kuɗin ya riƙa zuwa asusun duka. A shekarar aka yi dokar Ghana Medical Trust Fund da ake kira MahamaCares, don cututtuka masu cin kuɗi irin su kansa da ciwon ƙoda da na zuciya da shanyewar jiki, aka kuma yi dokar kare marasa galihu wadda ta ba irin su LEAP gindin zama a doka. Duk abin so ne, kuma wanda ya taɓa zama a bencin asibiti da takardar magani a hannu ba kuɗi ba zai raina su ba. Sai dai in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, magani ne da na'ura da likita, sai ɗan kuɗin abinci ga mafi talauci. Ni abin da nake so in ji an karanta a majalisa ƙarami ne a baki, a ce nas ɗin unguwa za ta riƙa leƙa tsofaffin da ke kwance ko sau biyu a wata, a koya wa masu jinya yadda ake ɗaga mutum ba a karya baya ba, a sauke haraji daga kan famfas na manya, a sa wani abu ko kaɗan ne a hannun wadda ta bar sana'arta. Na faɗa wa asambuliman, na faɗa a zaman masallaci da ɗan majalisa ya turo wakili, zan kuma sake faɗa.

Gwaggo na nan da ranta. Maganarta ta ɗan dawo, tana jan carbi da hagu, tana gane kowa, in an kawo mata kokon wani ta kurɓa sau ɗaya ta ture ta ce citta ta yi kaɗan. Gyambo ya taɓa fito mata a ƙugu a damina, muka yi wata biyu muna fama kafin ya rufe. Auta ta koma ɗinki rabin rana da keke ɗayan da ya rage, a falon Mma ta ajiye shi don ta riƙa jin motsinta. Na Italiya watan jiya bai turo ba, aikin tumatir ya ƙare, don haka kuɗin bazawarar nan na wannan watan ni da ta Tamale za mu raba, kuma famfas ɗin da ke ƙasan gado zai kai mu Laraba.